Makunnin da Yake Faɗuwa Kafin Asuba

Ƙas!

Ƙarar ke nan. Ba ta kai bugun ƙofa ba, ba ta kai faɗuwar cokali ba. Kamar dai wani ya karya busasshen tsinke a ɗaki na gaba. Bayanta fanka ta tsaya, firji ya yi shiru, gida ya yi duhu, alhali fitilar maƙwabta tana ci.

Ya 'yan uwa, a kan wannan 'yar ƙara wani gida ya rushe. Ku matso ku ji.

An taɓa yin wani magidanci da ake ce wa Mai-ƙwai. Ba sayar da ƙwai yake yi ba, ƙyanƙyashe su yake yi. Yana da inji a ɗakin ajiya, wani akwatin ƙarfe da ya kai ƙirjin mutum, da tagar gilashi a gaba. Sai a jera ƙwai a ciki, wuta ta ɗumama su, su zama 'yan tsaki ba tare da sun taɓa ganin kaza ba. Har yau abin yana ba ni mamaki. In ka kara kunne a gilashin ana gobe za su fito, za ka ji tsako yana kuka tun yana cikin ɓawo. Wa ya gaya masa akwai waje? Tsarki ya tabbata ga Allah.

A gidan akwai matarsa, da mahaifiyarsa, da ƙaninsa da ake kira Auta. Auta a gidan burodi yake aiki, kafin asuba yake fita. Tsohuwa kuwa ita ta ɗora wa kanta hidimar injin. A ƙasansa akwai farantin ruwa, don kada iskar ciki ta bushe. Safe da yamma takan zo da buta ta cika shi, tana yi wa ƙwan hira kamar jikokinta.

A bayan ƙofar gida, daidai inda ake tuɓe takalma, akwai akwatin wuta. Cikinsa makunnai ne a jere, ɗaya ya fi sauran faɗi. Shi ne makunnin tsaro. Ni ban yi nisa a boko ba, amma na tambaya an yi mini bayani, kuma ga yadda na gane. Wuta takan shiga gida ta waya ɗaya, ta fita ta wata. Shi makunnin nan yana tsaye a bakin hanya yana lura, kamar mai tattabaru da yamma: abin da ya fita, shi ne ya dawo? In ya ga ko ƙanƙani ya ɓace, ya san wuta ta sami wata hanya, ko ta ruwa, ko ta ƙarfe, ko ta jikin ɗan Adam. Nan take sai ya faɗi, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya.

A gefensa akwai ɗan madanni. Ranar da aka sa akwatin, Mai-ƙwai yana kasuwa, Auta ne a gida. Mai gyaran wuta ya ce masa, "Lokaci-lokaci ka riƙa danna wannan. In makunnin ya faɗi, lafiyarsa ƙalau, sai ka ɗaga shi. In ka danna bai faɗi ba, ya mutu a tsaye, ka neme ni."

Kun ji wani abin al'ajabi? Abin da faɗuwarsa ita ce alamar lafiyarsa.

Auta ya riƙe wannan magana. Wata rana da la'asar Mai-ƙwai ya shigo gida, ya tarar da shi tsaye, yatsa a cikin akwati. Ƙas! Wuta ta ɗauke.

"Kai! Ƙwaina!"

Auta ya ɗaga makunnin yana dariya. "Gwaji ne, Yaya. Ko numfashi biyu ba su yi ba."

"To ka riƙa gwadawa a kan burodinku."

Suka yi dariya, aka wuce. Amma Shaiɗan ya ɗauki wannan hoto ya ajiye: Auta a tsaye, yatsa a akwati, yana dariya.

Da sanyi ya shigo, sai makunnin ya fara faɗuwa da kansa. Kullum kusan lokaci ɗaya, gab da asuba. Mai-ƙwai ya zabura daga barci, ya lallaɓa cikin duhu, ya ɗaga shi. In ya waiwaya sai ya ga sakatar ƙofa a zare, Auta bai daɗe da fita ba. Wata rana barci ya yi masa nauyi, bai ji ƙarar ba. Ƙwai suka daɗe a sanyi, mafi yawansu suka mutu a ɓawo.

Bari in gaya muku gaskiyar lamarin tun yanzu, don ku ga inda mutumin nan ya saki hanya. Ɓera ne ya gwaguyi waya a ƙarƙashin injin. Farantin ruwa kuma yana ɗiga a kai. In sanyi ya tsananta, ƙarfen da ke ɗumama ƙwan sai ya kama aiki da ƙarfi, wuta ta zurara ta wurin da aka gwaguya zuwa jikin injin. Yaushe sanyi ya fi tsananta? Gab da asuba. Yaushe mai aikin burodi yake fita? Gab da asuba. Shi ke nan fa. Makunni yana aikinsa, Auta yana tafiya nasa aikin.

Amma Mai-ƙwai bai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin inji ba. Zuciyar ƙaninsa ya tafi leƙawa, inda Allah bai ba shi ido ba.

Ya fara tuna abubuwa. Ya tuna ranar da ya sayi injin Auta ya ce, "Allah ya sa albarka," amma bai ƙara komai ba. Me ya sa bai ƙara ba? Ya tuna wata rana Auta ya tambaye shi ƙwai nawa injin ke ci. Ina ruwansa? Ya tuna dariyar nan. Duk abin da da can ba komai ba ne, yanzu ya zama hujja.

Sai ya shiga ɗana tarko. Ya barbaɗa gari a ƙasan akwatin don ya ga sawu. Da safe ya sami sawun kyanwa, da na tsaka, da na tsohuwa da ta fito alwala.

Tsohuwa ta ce, "Babba, in burodi kake son buɗewa ka gaya wa ƙaninka ya nuna maka. Ba a ƙasa ake kwaɓawa ba. Kuma ni ce mai shara."

Bai yi dariya ba. Ya tsinko zare baƙi ya liƙa a bakin murfin akwatin, yadda in an buɗe zai tsinke. Gab da asuba, ƙas! Ya zo da tocila. Zare yana nan lafiya, makunni yana ƙasa.

Ya 'yan uwa, mai hankali a nan zai ce, ashe ba hannun mutum ba ne. Shi kuwa cewa ya yi, "Ashe yaron nan ya fi ni wayo. Har zaren ya mayar."

Haka mummunan zato yake. In ka kawo masa shaidar da ta gaskata shi, ya ci. In ka kawo wadda ta ƙaryata shi, ita ma ya ci, ya ƙara ƙiba.

Ya kai maganar shagon mai aski da ke jikin gidansu, inda mazan layin ke zama. Da farko tsiya suka yi masa.

"Mai-ƙwai, yau ma aljanin akwati ya zo?"

"Aljanin nan da takalmi yake fita," in ji shi.

Tsiya ta tsaya. Sai wani ya ce shi ma ya lura yaron nan ba ya kallon mutum a ido. Wani ya ce masu fita da duhu ai sai Allah. Mai aski ya ce shi dai ba ya shiga tsakanin 'yan uwa, amma ya ci gaba da kaɗa kai yana wasa reza. Babu wanda ya ce, mu je mu duba injin. Daga ranar, in Auta ya yi sallama a layin, da ƙyar ake amsa masa.

Auta ya ga gari, ya ga zare, ya gane. Ya sami yayansa a ɗakin ajiya.

"Yaya, abin nan ba ya faɗuwa a banza. Akwai abin da ke zubar da wuta. Hanyar ganowa mai sauƙi ce. A cire komai daga soket, a ɗaga makunni, a riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka mayar ya faɗi, shi ne."

"Komai da komai?"

"Komai."

"Har injina?"

"Shi ma na fi zargi, Yaya, tunda ruwa ne a cikinsa. Ka bar shi a cire dare ɗaya, in ƙwan nan sun fita, mu gani."

Mai-ƙwai ya dube shi. Ya ce, "Yau dai ka faɗa da bakinka. Injin ne ya tsone maka ido."

"Subhanallahi! Yaya, Inna ce fa take taɓa shi kullum da jiƙaƙƙen hannu."

"Kada ka sa Inna a ciki."

Kun gani? Shawarar da za ta cece shi ita ya mayar shaidar laifi.

Washegari ya sayo kwaɗo ya rufe akwatin. Makulli kuwa kullum sai ya sauya masa maɓoya: yau cikin safa, gobe bayan agogo, jibi cikin buhun dusa. Makunni bai fasa faɗuwa ba. Ya ce an yanka wani makullin.

A ƙarshe ya tara kayan Auta a tsakar gida. Tsohuwa ta fito ta riƙe masa hannun riga.

"Babba, ni na haife ku duka. Yaron nan ko ƙwai ɗaya bai taɓa fasa maka ba. Ka dubi Allah."

"Inna, ke ba ki san shi ba."

"Ni ban san shi ba?"

Auta bai yi musu ba. Ya ɗauki jakarsa, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya ce, "Inna, ki yafe mini. Abu ɗaya nake roƙo. Ki riƙa sa shi yana danna madannin nan, ki ji faɗuwarsa da kunnenki. Kuma kada ki je wajen injin ba takalmi."

Ya fita ta gaban shagon mai aski. Babu wanda ya ce masa ina za ka. Mai-ƙwai ya karɓi wayar tsohuwa da ta matarsa ya goge lambar Auta. Daga baya aka ji Auta ya bar gidan burodin ma, don maganar ta bi shi har can.

Sai ga jarrabawa. Makunni ya daina faɗuwa. Mai-ƙwai ya riƙa yawo a layi yana cewa, "Kun gani? Tun da ya tafi, ko sau ɗaya." Bai lura ba cewa a kwanakin nan injin babu ƙwai, a kashe yake, faranti a bushe. Ya 'yan uwa, ku ji tsoron ranar da zatonku ya yi kama da gaskiya. Ta fi ranar da ya ƙaryata haɗari.

Ya zuba sababbin ƙwai. Tsohuwa ta cika faranti. Gab da asuba, ƙas!

Yanzu wa zai zarga? Kuna tsammani ya ce, na zalunci ɗan uwana? Ina! Ya dubi matarsa: ai ita ta riƙa ajiye wa Auta abinci. Ya dubi mai aski: ai bangonsu ɗaya, wa ya san inda wayarsa ta bi? Har tsohuwa ya fara yi wa kallon gefe in ta wuce ta bakin ƙofa. Matarsa ta koma tafiya a gidan kamar baƙuwa, ko tsintsiya ba ta jinginawa kusa da akwatin.

Daga nan ya kai ga matsaya. Ya ce makunnin kansa munafuki ne. Ai ranar da aka sa shi Auta ne kaɗai a gida tare da mai gyaran wuta. Wa ya san abin da suka ƙulla? Don haka bai kira wancan mai gyaran ba. Ya samo wani mai ɗan taɓa wayoyi a bakin kasuwa, ya ce a raba shi da wannan masifa.

Mutumin ya sosa ƙeya. "Maigida, in na zagaye shi da waya, ya zama hoto fa. Ba zai ƙara faɗuwa ba ko me ya faru."

"Abin da nake so ke nan."

Aka zagaye shi ta baya, aka mayar da murfi, aka datse kwaɗo. Makunni yana nan a sama, tsaf, kamar maigadin da aka ɗaure a kujera aka toshe masa baki.

Gida ya yi lafiya. Mai-ƙwai ya yi barci har da minshari.

Wata rana tsohuwa ta tare shi a bakin ƙofa. "Babba, danna mini abin nan in ji ya faɗi, hankalina ya kwanta."

"Ya warke, Inna. Ya daina faɗuwa."

"Auta ya ce in ya daina faɗuwa ya mutu."

"Auta ya ce, Auta ya ce. Auta ne ya sayi gidan?"

Ta juya ta koma ɗaki. Da yamma ta ce wa surukarta ita fa kwanan nan in ta taɓa hannun injin sai ta ji yana cizonta kamar cinnaka. Matar ta gaya wa mijinta. Ya ce, "Kun haɗa baki ke nan."

Ran da ƙwan suka fara tsagewa, da hantsi, matar ta wanke daɓen ɗakin ajiya. Tsohuwa ta ji kukan 'yan tsaki, murna ta kama ta, ta taho da buta, ta bar takalmanta a bakin ƙofa don kada ta ɓata wankin. Ta tsaya a kan jiƙaƙƙen daɓe. Ta kama hannun ƙarfe.

Babu ƙarar da aka ji daga akwati.

Matar ce ta yi kururuwa. Mai-ƙwai ya fito a guje, ya ga mahaifiyarsa a manne da inji, ta kasa saki. Ya ruga bakin ƙofa don ya kashe wuta. Akwati a kulle. Ya laluba aljihu, babu makulli. Ya zazzage safa, ya ture agogo, ya yaga buhun dusa. A ina ya ɓoye shi jiya? Ya ɓoye wa kowa, har ya ɓoye wa kansa. Kafin ya samo dutse ya fasa kwaɗon, matar ta riga ta ture tsohuwa da sandar goge daɓe. Amma mai aukuwa ta auku.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daga baya an kira mai gyaran wuta na farko. Ya kwantar da injin, ya nuna wayar da ɓera ya gwaguya, ta yi kore saboda ruwa. Tsawon gaɓar yatsa. Mai-ƙwai ya dube ta, ya zauna a ƙasa. Tun daga nan bai ƙara zuba ƙwai ba. Matarsa ta tafi gidansu. Shi kuma yakan wuni zaune a bakin ƙofa, ƙarƙashin akwatin, in an gaishe shi sai ya ɗago kamar wanda aka tasa daga barci.

Ya 'yan uwa, ajali na Allah ne, ba mai musun wannan. Amma za a tambayi kowa abin da hannunsa ya aikata. Me ya kashe gidan nan? Ɓera? Ɓera ya yi abin da ɓeraye ke yi. Ruwa? Ruwa ɗiga ya sani. Allah ya aiko wa mutumin nan gargaɗi dare bayan dare, da ƙarar da kunnensa ke ji. Ya aiko masa ɗan uwa mai faɗa masa gaskiya. Ya aiko masa uwa mai roƙo. Ya kori na biyu, ya gwasale ta uku, ya ɗaure na farko da waya. Duk don kada ya ce, wataƙila ni ne ban duba ba.

Malamanmu sun sha gaya mana cewa mummunan zato zunubi ne, muna ji kamar ƙaramin abu. Ga girmansa. Durƙusawa a leƙa ƙarƙashin inji ba ta kai wahalar barbaɗa gari da liƙa zare ba. Amma zargin ɗan uwa ya fi daɗi a zuciya, shi ya sa muke zaɓarsa.

Kuma kada mu ce laifin nasa ne shi kaɗai. Masu zama suna kaɗa kai fa? Wanda aka kawo masa zargi ya ƙara gishiri, ko ya yi shiru don kada a ce ya shiga, shi ma ya riƙe gefen wayar nan.

In kun koma gida, wanda yake da irin makunnin nan ya danna madannin, ya ji ya faɗi, ya ɗaga shi. In bai faɗi ba, a kira wanda ya san aikin. In kuma yana faɗuwa da kansa, kada a ɗaure shi, a nemi abin da yake gani. Bayan haka kowa ya tambayi kansa: akwai wanda na yanke wa hukunci ban durƙusa na duba ba? In akwai, ka neme shi yau, tun ana sanin inda yake.

Allah ka tsare mu daga zaton da ke raba jini. Allah kada ka sa mu toshe bakin mai yi mana gargaɗi. Allah ka jiƙan iyayenmu, ka kiyaye mu da abin da muka haifa. Amin.

Saura abu ɗaya ban gaya muku ba. A ranar, bayan an shirya tsohuwa, maza sun cika ƙofar gida ana jiran fitowa da ita. Mai-ƙwai yana zaune kansa a ƙasa. A ɗakin ajiya 'yan tsakin da suka riga suka fito suna ta kuka, ba wanda ya tuna da su. Sai mai aski ya miƙe, ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa.

"Jama'a, kafin a ɗauke ta. Wa ya san inda Auta ya koma, a je a gaya masa?"